Zoben Sitaci da Tikitin Dawowa

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka lafiya, Ya tsare ka a sama da ƙasa, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Na damƙa ta a hannun Innarka Asabe, na ce kada ta miƙa maka sai kun isa filin jirgi, kai kuma kada ka buɗe sai ka ajiye jakarka a masauki. In ka ga rubutun manya-manya kamar na allon firamare, kada ka yi dariya. Iyakar abin da idon yake iya bi ke nan, shi ma sai da safe, layi kaɗan-kaɗan.

Ka san ni da kai ba mu saba doguwar hira ba. Kai ne ɗan fari, ga sunan mahaifina a kanka, to kunya ta hana ni abubuwa da yawa da ya kamata in faɗa maka ido da ido. Shi ya sa na ɗauki biro.

Asabe ba ta iya riƙe magana, ka fi kowa sani, ban san abin da ya kai ka ba ta amana ba. Ta gaya mini ka yanki tikitin dawowa wanda ba a sa masa rana ba, ka ce mata in ciwon sugan nan ya ƙara taɓa mini ido za ka ajiye karatun ka dawo gida. Kai da bakinka ka karanta mini sharaɗin waɗanda suka ɗauki nauyin karatun, cewa wanda ya bari a tsakiya ba a sake ba shi gurbi. Da na ji, sai da na wuni ina fushi da kai. Daga baya fushin ya koma godiya, don ba kowace uwa Allah Yake ba ɗa irinka ba. Amma ban yarda ba, kuma wannan tikitin shi ne dalilin takardar nan tun daga farkonta har ƙarshenta.

Tunda abin da za ka je ka karanta shi ne abin da na ƙare ƙuruciyata a kansa a masana'antar magani ta Sharaɗa, bari in bi ta nan, don nan ne kawai na san hanya.

Lokacin da aka fara kawo mana garin saiklodekstirin a masana'antar, kana firamare. Muna da wani maganin ruwa na yara mai ɗaci kamar maɗaci, ga shi ba ya son narkewa. Iyaye mata suna toshe wa yaro hanci su ɗura masa, ya amayar da rabi a zaninsu, ba wanda ya san nawa ya shiga cikinsa. Ni ce na nace a gwada garin. Malam Isyaku, shugaban sashen haɗa magani, Allah Ya jiƙansa, ya kira ni ofishinsa ya ce, "Malama Binta, ni fa ban san wannan dogon sunan ba. Ki yi mini bayani da Hausa, yadda zan iya maimaita wa masu kamfani ba tare da na ji kunya ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga sitaci ake yin sa, irin na masara ko rogo. Kowane ɗan mitsitsinsa zobe ne, kamar bokiti marar gindi. Bayansa yana son ruwa, cikinsa ba ya so. Shi kuma maganinmu ruwan ne ba ya so, to da ya ga ramin sai ya cusa kansa ciki, ya kori 'yan ruwan da ke zaune a wurin. Zoben sai ya ɗauke shi ya shiga ruwa da shi. Ya narke ke nan, kuma harshe ba ya samun taɓa shi sosai balle ya ji ɗacin."

Ya ce, "To in ya shiga ya ƙi fitowa fa? Sitaci za mu sayar wa mutane?"

Na ce masa ba ɗaure shi ake yi ba, shiga yake yana fita ba tsayawa, kuma da ya isa ciki ya haɗu da ruwa mai yawa sai zoben ya sake shi. Ya gyaɗa kai ya sa hannu. Na fito ina jin kaina kamar na gama aikin, alhali ko somawa ban yi ba.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Ka san yadda ake auna ƙarfin riƙon. A jera 'yan kwalabe, a zuba wa kowace maganin fiye da abin da zai iya narkewa, a riƙa ƙara garin zoben daga wannan zuwa waccan, a ɗora su kan injin girgiza har sai abin da ke shiga da abin da ke fita sun daidaita. Sannan a tace a auna. Na ɗora nawa ranar Juma'a na tafi gida. Ashe a ƙarshen mako ba a tayar da janareto don ɗakin gwaji kaɗai, wuta kuwa ta ɗauke tun ranar Asabar. Litinin na zo na tarar injin yana aiki, don an dawo da wutar, ban tambayi kowa ba na tace na auna. Layin da na zana ya fito a karkace, na yi ta neman dalili a littattafai, har na fara tunanin na gano wani sabon abu da Turawa ba su gani ba. Malam Isyaku ne ya leƙo ya ce, "Kin tambayi masu janareto kuwa?" Bai kuma taɓa tayar da zancen a gaban mutane ba. Har gobe ina yi masa addu'a saboda wannan shirun. Can inda ka je wuta ba za ta ɗauke maka ba, amma za ka sami naka irin. In sakamako ya zo maka da ban mamaki, fara bincika ƙananan abubuwa, wa ya kashe me, wa ya buɗe taga, wane ruwa aka yi amfani da shi. Kuma kada ka tace kwalba don kai ka gaji da jira. Ka auna yau, ka sake aunawa gobe, sai lambar ta daina motsi.

Na biyun ya fi ciwo. Mun haɗa sirof ɗin, wato maganin ruwan, ɗaci ya ragu ƙwarai, mu manya muka ɗanɗana muka tofar muka yi ta murna. Aka jera kwalaben gwaji a ɗakin ajiya don a ga yadda za su jure zama. Bayan 'yan watanni Madam Rifkatu, mai kula da gwajin ƙwayoyin cuta, ta shigo da kwalba ɗaya a hannu ta ajiye a gabana. Fumfuna ce ta yi fari-fari a saman maganin.

Na ce, "Ba zai yiwu ba. Na sa maganin hana lalacewa daidai yadda muke sawa kullum."

Ta ce, "Kin sa, Binta, na gani a takarda. Amma zoben naki ya san wanda kika yi masa masauki? Shi rami kawai gare shi. Duk wanda ya yi daidai da ramin shiga zai yi."

Gaskiyarta. Sinadarin da muke sawa don hana ruɓewa shi ma ya sami zobe ya shige, ɗan abin da ya rage a waje bai isa ya kashe komai ba. Abin da ya fi ba ni haushi, ofishinta yana kallon nawa, kullum tare muke cin abincin rana, amma ban taɓa nuna mata haɗin ba, don ina ganin aikin nawa ne ni kaɗai. Da na nuna mata tun farko, a zama ɗaya za ta gano. Allah Ya rufa asiri ko kwalba ɗaya ba ta fita kasuwa ba. Irin wannan ta sake faruwa da na ƙara ƙamshin lemo don yara su so shi, ƙamshin ya je ya ture maganin daga cikin zoben, ɗaci ya dawo sabo. Amma a wannan karon tare muka gano, muka yi dariya. Saboda haka duk abin da ka zuba a cikin ruwan nan, ka tambayi kanka ko shi ma yana neman ramin. Kuma ka nuna wa na kusa da kai aikinka tun yana ɗanye, tun kafin ka fara alfahari da shi. Na san halinka, irin nawa ne, ka fi son ka sha wahala a ɓoye ka fito da abu a gyare. Wannan halin bai amfane ni ba.

Na ukun kuwa, sai Bakano zai yi shi. Mu a nan zafi muke tsoro. Duk tunanina yana kan motar da za ta tsaya a rana a Dakata da kwalaye a bayanta, da shagon magani mai rufin kwano a watan bazara. Na gasa maganin nan a ɗakin zafi iya gasawa, ya jure, na ce shi ke nan. Madam Rifkatu 'yar Jos ce. Da za ta tafi hutun Kirsimeti ta ce in ba ta kwalba biyu ta ajiye a tagar ɗakin mahaifiyarta. Na ba ta ina yi mata tsiya, na ce ko surukai za ta kai wa. Ta dawo da su da wani abu kamar sukari kwance a gindi. Irin zoben da na zaɓa, mai araha, ba ya narkewa sosai, da sanyi ya kama shi sai ya kwanta, ya tafi da maganin ƙasa. Ka ga da ya fita kasuwa haka, yaron da aka ba na saman ya sha ruwan zaƙi, wanda aka ba na ƙasan ya sha fiye da ƙima. Ni da ban taɓa kwana inda ake hura wuta a ɗaki ba, ina zan kawo wannan a raina? Dole muka koma wa wani irin zoben da aka yi wa gyara, mai narkewa sosai. Ka riƙa tuna cewa abin da ka saba da shi ba shi ne duniya ba. Yanzu kai ne za ka zauna cikin sanyi, to kada ka manta da rufin kwanon garinku in kana gwaji. Wannan ne abin da za ka kai musu wanda ba su da shi.

Af, tunda na ambaci sanyi, rigar ulun da ke ƙasan jakarka ta mahaifinka ce. Na san ta yi maka faɗi. Ka sa ta haka nan.

Saura ɗaya, ita ce ta fi daɗewa a raina. Bayan duk wannan wahalar, ɗan ɗaci ya rage a ƙarshen harshe, ni kuma na ƙudura sai na kashe shi gaba ɗaya. Na yi ta ƙara garin zoben, ina ƙarawa, har sirof ɗin ya zama ko jariri ba zai yamutsa fuska ba. Na kai wa Malam Isyaku a cokali. Ya ɗanɗana ya ce, "Madalla. Yanzu ki nuna mini yana fita." Muka sa shi a na'urar da ke da 'yar fata a tsakiya, wadda ke kwaikwayon yadda magani ke ratsa hanji. Abin da ya ratsa ya ragu sosai a kan na da. Zobban sun yi yawa, duk ɗan maganin da ya fito daga wannan sai wancan ya cafke shi, kaɗan ne ke samun sukunin wucewa. Wanda ke cikin zobe kuwa ba ya warkar da kowa, sai wanda ya fito. Tambayar da mutumin nan ya yi mini tun ranar farko, na amsa masa da baki cike, ita ce ta dawo ta same ni. Muka rage garin, muka bar ɗan ɗacin nan. Haka aka sayar da shi, kuma haka yara suka sha, har da ƙannenka.

Ba sai na yi maka dogon fashin baƙi ba, kai ba yaro ba ne. Irin wannan na yi da kai a gida.

Tun rasuwar mahaifinka, da idon ya fara, kai ne komai. Kai ke duba lambar allurar insulin da safe don ni ba na ganinta. Kai ke kai ni asibiti ka zauna a benci da littafinka a cinya. Kai ka koyi dafa miyar da ba ta da daɗi ka zauna ka ci tare da ni don kada in ji ni kaɗai aka ware. Ka ƙi aikin da aka ba ka a Legas, ka ce wai ba ka son cunkoso, ka ɗauki na Bompai don ka riƙa dawowa cin abincin rana. Ka zaci ban gane ba? Na gane, na yi shiru, don shirun ya yi mini daɗi. Ban taɓa ce maka na gode ba, to yau na ce. Na gode, Abba. Allah Ya ba ka masu yi maka fiye da haka.

Amma ba rashin dangi ne ya sa nauyin ya faɗo kanka kai kaɗai ba. Girman kaina ne. Asabe ta yi ta roƙo in koma wurinta a Ɗorayi, ko ta turo wata ta zauna da ni. Na ce mata ni da na yi shekaru ina auna abin da ido ba ya gani, ba za a riƙa ja mini hannu zuwa banɗaki ba. Na ce gidan Hotoro mijina ya ajiye ni, daga nan za a ɗauke ni. Na fi son ɗana ya ga gazawata da ƙanwata ta gani. Ban tsaya na lissafa abin da hakan yake ci maka ba, sai da na ji labarin tikitin nan.

To ga abin da na yi, kuma na riga na yi shi, ba shawararka nake nema ba. Ranar da ka je karɓo bizarka, na sa aka kai ni Ɗorayi. Na sami Asabe tana tsince shinkafa, na zauna na ce, "Asabe, ɗakin nan da kike ta magana, yana nan?"

Ta ajiye tiren ta dube ni ta ce, "Yaya, lafiya kuwa?"

Na ce, "Tambayarki na yi."

Ta ce, "Yana nan. Tun bara na sa aka yi masa fenti, ban dai gaya miki ba don kada ki zage ni."

Sai ta fara kuka, ni kuma na ce ta tashi ta duba tukunyarta tana ƙonewa. Lokacin da kake karanta wannan, kayana suna can. Ɗan wajen Baffanka da ya yi aure kwanan nan zai zauna a gidan Hotoro da matarsa, ɗakinka dai na kulle, littattafanka suna yadda ka bar su. Ba zan ɓoye maka ba, barin gidan nan ya yi mini zafi. Na shafa bangon tsakar gida kamar wata marar hankali. Kuma ka san gidan Asabe, rediyo a kunne tun asuba, jikoki kamar kasuwa, ita kanta ba ta gajiya da magana. Za mu yi faɗa, wannan ba makawa, tun muna yara muke yi. Amma akwai idanu da yawa a gidan, kuma asibitin da nake zuwa akwai mai kai ni.

Maganar allurar ma an gama da ita. Ma'aikaciyar jinya ta koya wa Asabe, ta sa ta yi ta gwadawa a jikin lemo har ta huda rabin kwando. Shekaranjiya, da ka fita sallama da abokanka, ta zo ta yi mini ta farko a jikina. Hannunta ya fi naka nauyi, na kuma gaya mata. Ta ce in yi haƙuri, lemo bai taɓa yi mata ƙorafi ba.

Saboda haka ka mayar da tikitin nan, ko ka sa masa ranar da ke bayan kammala karatunka. Idon zai iya ƙara lalacewa, likita bai ɓoye mini ba, ni ma ba zan ɓoye maka ba. In hakan ta faru, za a gaya maka gaskiya, na sa Asabe ta yi mini alkawari, kuma ka san ko ba alkawari ba ta iya shiru. Amma ko kana tsaye a kaina ba za ka hana shi ba. In ka dawo da rabin karatu saboda ni, ka ɗora mini abin da ya fi makanta nauyi, kuma ban yafe wannan dawowar ba. In ka zauna ka gama, na yafe maka duk ranar da na nemi hannunka ban samu ba, tun kafin ta zo.

Ka riƙe sallarka a kan lokaci ko da ranar can ta rikice maka. Ka ci abinci mai zafi, kada ka rayu a kan biskit kamar yadda ka yi lokacin jarrabawa. Ka girmama malaminka, amma in ka ga lambar ba ta yi ba, ka ce ba ta yi ba. In Allah Ya haɗa ka da irin Malam Isyaku ko irin Rifkatu, ka riƙe su da kyau, kuma ka gode musu tun suna ji, kada ka bari sai a takarda kamar uwarka.

Allah Ya yi maka albarka, Ya buɗa maka abin da ya rufu, Ya tsare mini kai daga sharrin mutum da na ƙarfe da na rashin lafiya. Ya kai ka ƙarshen abin da ka je nema, Ya dawo da kai a lokacin da ya dace, ko ina ganinka ko sai dai in ji muryarka a zaure. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka.

In ka kira waya, kada ka fara da tambayar ido. Ka fara gaya mini abin da kwalabenka suka nuna, don har yanzu ina so in sani.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Binta